Ƙaba a jikin mace: idan gidan ƙwai ne ya faɗo matsematsi

A Kano in aka ce ƙaba, kowa namiji yake hangowa, ko dattijo mai gwaiwa ko ɗan dakon kasuwar Singa da ya sha ɗaukar buhu. Hatta masu tallar magani da lasifika a bayan mota in sun zo jero cututtuka, ƙaba da gwaiwa a layin maza suke saka su, mata kuma a bar musu sanyi da ciwon mara. Toh mata ma suna yin ƙabar matsematsi fa, tun daga jaririyar goye har budurwa har matar aure, kuma tasu ta wani fannin ta fi ta maza rikici, don abin da yake zurarowa cikin kumburin ba lallai ya zama hanji ba. Wani lokacin gidan ƙwai ne, wato obari, wani lokacin har da bututun da ƙwan yake bi ya isa mahaifa, jefi-jefi ma ita kanta mahaifar ake tararwa a ciki.

Da zarar an faɗa wa iyaye haka, tambaya ɗaya ce take fitowa, ni dai a ɗakin tiyatar da nake aiki na ji ta har na haddace: "Sista, aikin nan ba zai taɓa mata haihuwa ba dai ko?" Daga nan sai a ce bari a je gida a yi shawara, shawarar da takan ci wata da watanni. Tsoron yana da dalili, ban ce babu ba, haihuwa ba abin wasa ba ce a garin nan. Amma an sa shi a baibai ne. Abin da ya fi cinye gidan ƙwan yarinya a wannan lalurar ba wuƙar likita ba ce, zaman jira ne, kuma in aka gane yadda halittar wurin take za a ga dalili.

Tun ɗa yana ciki akwai wata ƴar hanya a kowane gefe na ƙasan mara, dama da hagu, da ta ratsa bangon ciki ta gangaro matsematsi. A namiji ta nan ƴaƴan maraina suke bi su sauko, don asalinsu can cikin ciki kusa da ƙoda ake halittarsu, sai a watannin ƙarshe na ciki suke gangarowa. Mace ma tana da hanyar, sai dai ita gidajen ƙwanta ba sa fitowa, a cikin ƙugu suke tsayawa, abin da yake bi ta hanyar wata doguwar jijiya ce da ta taso daga saman mahaifa ta ƙare a leɓen gaba. Tare da jijiyar akwai wani ɗan aljihu na tantanin ciki da yake biyo ta, wanda ya kamata ya toshe da kansa wajen lokacin haihuwa ko cikin shekarar farko. Wani masanin halittar jiki ɗan ƙasar Holan, Anton Nuck, shi ya yi bayaninsa a 1691, har yau da sunansa likitoci suke kiran wurin. In aljihun nan bai toshe ba shikenan, hanya ta zauna a buɗe, duk abin da yake kusa zai iya faɗawa.

A jaririya kuwa abin da ya fi kusa da bakin hanyar gidan ƙwai ne, saboda ƙugunta ƙarami ne komai a cunkushe yake ta sama, ita kuma waccan jijiyar tana iya janyo bututu da gidan ƙwan zuwa wurin. Shi ya sa cikin yara mata masu ƙabar matsematsi, wajen 15 zuwa 20 cikin 100 ake samun gidan ƙwai ko bututu a ciki, mafi yawansu jarirai, bakwaini kuma sun fi kowa yin ƙabar. In yarinya ta girma ƙugu ya buɗe sai gidajen ƙwan su nutsa can ƙasa su yi nisa da hanyar. Don haka a budurwa ko matar aure ba kasafai ake gani ba, in an gani ma likita yakan ƙara sa ido, zan zo kan wannan.

Wani lissafi da aka yi a Ingila ya nuna namiji 27 cikin 100 za a yi musu aikin ƙabar matsematsi a tsawon rayuwa, mata kuwa 3 ne kacal. Wannan ƙarancin shi ne ya zame wa mata matsala, saboda ba wanda yake kawo ta a ransa, har wasu ma'aikatan lafiyar.

Yadda abin yake farawa kenan a gida. Uwa tana yi wa jaririya wanka ko tana canza mata famfas sai ta ga ɗan kumburi a gefen gaba, girman gyaɗa ko ya ɗara, in ta taɓa yana ɗan zillewa a ƙarƙashin yatsa, ba ja, ba zafi, yarinya na shan nononta lafiya lau. In hanji ne a ciki yawanci sai ta yi kuka ko nishin kashi yake fitowa, in ta kwanta ta yi barci ya ɓace. Gidan ƙwai kuwa yana da ɗan tauri kuma sau da yawa ba ya komawa, yana nan safe da dare. Sai uwar ta nuna wa kaka, kaka ta latsa ta ce haba ke kuwa, kaluluwa ce, a gasa da ruwan ɗumi a shafa man zafi zai baje. Gashin dai ɓata lokaci ne kawai. Wanda yake ba ni tsoro shi ne in aka ce maruru ne bai nuna ba, a kira wanzami ya yi sakiya, ko a je kyamis a soka allura wai a zuƙo ruwan. Dan Allah duk kumburin da yake matsematsin ƴa mace kada a huda shi kafin a yi sikanin, kada kuma a danna da ƙarfi wai sai an mayar da shi. Ko likita ma in ya gane gidan ƙwai ne ba ya kokawa da shi.

Toh in ba ya ciwo, mene ne na gaggawa? Gidan ƙwai a rataye yake a jikin jijiyoyin jinin da suke ciyar da shi. A cikin ƙugu yana da abin da ya tallafe shi ta ko'ina, amma da ya faɗo cikin ƙaba sai ya zama yana reto a siririyar hanya, kuma yana iya juyawa ya murɗe jijiyoyin, kamar dai a murɗe tiyon ruwa, da farko ruwan ya ragu daga baya ya tsaya cak. Jinin da yake fita shi yake fara tsayawa, sai wurin ya kumbura, kumburin ya ƙara matse shi, in aka daɗe ya mutu. Wasu likitocin tiyatar yara a Amurka sun wallafa bincike a 1991 kan yaran da gidan ƙwansu ya maƙale a ƙaba ya ƙi komawa, suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu ya riga ya murɗe. Shi ya sa irin wannan ba a saka ta a dogon layin jiran aiki ko da yarinya na wasanta, cikin ƴan kwanaki ake so a yi. In kuwa kumburin ya yi tauri ya yi ja, yarinya na tsala kuka ba ta rarrasuwa, ta ƙi nono, tana amai, ko budurwa ta ji ciwo farat ɗaya har ta kasa miƙewa, ko ciki ya kumbura ba kashi ba tusa, wannan ba na gobe ba ne, ko tsakar dare ne a nemi adaidaita a tafi ɗakin gaggawa, kuma kada a ba ta abinci ko ruwa a hanya saboda allurar barci. Hanjin da ya shaƙe cikin ƴan awanni yake lalacewa.

Sikanin shi ne yake raba gardama, kuma na wurin kumburin ake so, ba na ciki kawai ba, da irin wanda yake nuna gudun jini. Gidan ƙwai yana da kamanninsa a hoto, ana ganin ƴan ƙananan ƙullutun ƙwai a jikinsa. Amma fa in alamun murɗewa sun bayyana a jiki, don sikanin ya nuna jini na gudu ba a cewa an tsira, likita da abin da ya gani da idonsa yake aiki. Manyan asibitocin garin nan, na Malam Aminu Kano da Murtala da Nasarawa, duk suna da sashen tiyata, na Malam kuma akwai likitocin tiyatar yara, jaririya gara a kai ta inda aka saba sa wa jarirai barci.

Sikanin yana kuma fitar da abubuwan da suke kama da ƙaba alhali ba ita ba ce. Akwai ruwa da yake taruwa a cikin wancan aljihun na Nuck. Akwai matan da kumburin nasu yake ƙaruwa ya yi ciwo duk lokacin al'ada ya lafa in ta ɗauke, wannan sau da yawa irin naman cikin mahaifa ne ya tsiro a jikin jijiyar. Sai masu ciki, wanda nan ne aka fi ruɗewa: ciki ya tsufa sai jijiyoyin jinin da suke bin waccan jijiyar su kumbura su yi burɗin-burɗin a matsematsi, in ta tsaya ya fito in ta kwanta ya koma, sak ƙaba. Wannan ba a yanka shi, bayan haihuwa yake bajewa da kansa. Ko ƙabar gaske ce ma, in ƙabar ba ta maƙale ba yawanci ana bari sai mai cikin ta sauka.

Aikin a yarinya ƙarama ba babba ba ne. Ana yin ƴar tsaga a kan layin naɗin fatar mara, a nemo jakar ƙabar, wato wancan aljihun da bai toshe ba, a mayar da abin da yake ciki, a ɗaure jakar daga can tushenta a yanke. Ba a saka wa yara raga, wato wadda ake shimfiɗa wa manya don ƙarfafa bangon ciki, don su bangon cikinsu lafiyarsa ƙalau, hanya ce kawai ba ta rufe ba. Inda na mace ya bambanta shi ne dole a buɗe jakar a leƙa kafin a ɗaure, saboda wani lokacin bututun ƙwai ba a cikin jakar yake yana yawo ba, a manne yake da bangonta ya zama wani ɓangare nata. Bututun jaririya siriri ne sosai, wanda ya ɗaure jaka bai duba ba zai iya haɗawa da shi. Nan ne kaɗai tsoron iyaye yake da gindi, kuma maganinsa a kai wa wanda ya saba aikin, da rana tsaka cikin natsuwa. Ni da na tsaya a kan duka biyun zan gaya muku, aikin da aka shirya masa aka sa rana, komai fes ake ganinsa, nama ruwan hoda, kowace jijiya a wurinta. Na ƙarfe biyun dare bayan kwana uku ana gashi a gida kuwa, wurin ya kumbura ya jiƙe da ruwa, jaka na yagewa da an taɓa, bututu da tantani sun cakuɗe. Wanda ya ƙi na farko don tsoron haihuwa ya ƙare a na biyu, gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

Sai maganar da nake so kowace uwa da kowane maigida su sani tun kafin a shiga da yarinya ɗakin tiyata. In aka buɗe aka tarar gidan ƙwai ya murɗe ya yi baƙi ko shuɗi, a da cirewa ake yi kai tsaye, ana ganin ya mutu. Yanzu ilimi ya wuce nan. An gano launi ba ya nuna mutuwa, da yawansu in aka warware murɗin aka mayar da su ciki suna farfaɗowa, bayan watanni a yi sikanin a ga suna yin ƙwai. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta fitar da matsaya a 2019 cewa a yarinya mai tasowa a warware a bar shi komai munin kamanninsa, sai fa in ya ruɓe yana marmashewa a hannu. Don haka ba rashin kunya ba ne uba ya ce, "Likita, in kun tarar ya murɗe mene ne shirinku, za ku yi ƙoƙarin barin shi?" Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambayar. In kuma ta kama dole an cire, ɗayan da ya rage ya isa, za ta yi ƙirgen dangi ta yi al'ada ta ɗauki ciki, mata nawa ne suka cika gida da ƴaƴa da guda ɗaya. Dalilin da ake dagewa a ceci na farkon shi ne yarinya tana da shekaru masu yawa a gaba, ba wanda ya san abin da zai samu ɗayan.

A babbar mace kuwa ɗaure jaka kaɗai ba ya wadatarwa yawanci, sai an ƙarfafa bangon. Ko dai a ɗinke naman wurin hawa-hawa, irin salon da asibitin Shouldice na Kanada ya yi suna da shi, ko a shimfiɗa raga irin salon Lichtenstein da ya bazu daga Amurka tun shekarun 1980, ko kuma aikin kyamara, a yi ƴan huji uku a zura ƴar kyamara a saka ragar ta bayan bangon ciki. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin ƙaba na duniya suka haɗu suka fitar a 2018 sun fifita na kyamara ga mata in akwai wanda ya ƙware, kuma ba don gayu ba ne. Ƙasa kaɗan da waccan hanyar akwai wata kafa a saman cinya, gefen manyan jijiyoyin jinin ƙafa, ita ma ƙaba tana fitowa ta nan kuma mata sun fi maza yin ta, musamman waɗanda suka manyanta suka haihu da yawa. Ƙarama ce, tana ɓuya, da hannu kaɗai da wuya a bambanta ta da ta matsematsi. A rajistar aikin ƙaba ta ƙasashen Suwidin da Denmak, matan da aka sake yi wa aiki wai ƙaba ta dawo, kusan 40 cikin 100 ta saman cinya aka tarar, ma'ana da yawansu tun farko ita ce ba a gani ba. Kyamara kuwa ta ciki take kallo, tana ganin kafofin gaba ɗaya, tana ganin gidan ƙwai da bututu da mahaifa ma.

Ita ta saman cinyar muguwa ce wajen shaƙe hanji, wani bincike ya nuna cikin wata 3 kusan 22 cikin 100 sun shaƙe, ta matsematsi kuwa ba ta kai 3 ba a wannan tsawon lokacin. Shi ya sa namijin da ƙabarsa ba ta damunsa ana iya ce masa ya je a ci gaba da lura, mace ba a ce mata haka. Ra'ayina dai, tunda aikin kyamara ba ko'ina ake yi ba kuma ya fi tsada, kada a zauna ana tara kuɗinsa ƙaba na jira. Aikin buɗewa a hannun wanda ya san zai duba kafar saman cinya ya fi na kyamarar da ba a yi ba. A tambaya kawai a ji ko za a duba.

Na ce zan dawo kan budurwar da aka samu gidan ƙwai ko mahaifa a ƙabarta. Wani lokacin alama ce cewa halittar ciki ba ta kammala yadda aka saba ba. Akwai lalurar da ake kira MRKH, wajen mace 1 cikin 4,500 zuwa 5,000, ana haihuwarta ba mahaifa ko da ƴar guntuwa, gidajen ƙwanta lafiya lau, nono ya fito komai ya fito amma al'ada shiru, wasunsu kuma ƙoda ɗaya gare su ko ƙodar ba ta wurinta, shi ya sa likita zai ce a yi sikanin ƙoda mutane su yi ta mamakin me ya haɗa. Akwai kuma wata da ake kira CAIS, ita ana samunta a wajen 1 zuwa 2 cikin 100 na yara mata masu ƙabar matsematsi, an fi zarginta in ƙabar ta gefe biyu ce. Yarinya ce a ido ta kowace fuska, amma ƙwayoyin halittarta irin na namiji ne, jikin ne ba ya jin sinadarin maza ko kaɗan sai ya tafi a siffar mace, abin da yake cikin ƙabar kuma ba gidan ƙwai ba ne, maraina ne, mahaifa babu. Irin wannan in an gani a tsakiyar aiki ba a yanke shawarar cirewa nan take, sai an yi gwajin jini an zauna da iyaye, yanzu ma sau da yawa ana bari har ta balaga saboda su ne suke sa jikinta ya cika da kansa. A matsayin mata suke tashi, a haka suke rayuwa. Wannan sirrin yarinya ne, ba labarin da za a kai gidan suna ba, kuma wallahi bakin dangi ya fi lalurar yi mata illa. Duk budurwar da ta kai 15 ko 16 ba ta fara al'ada ba kuma tana da kumburi a matsematsi ko an taɓa yi mata aikin ƙaba tana ƙarama, a faɗa wa likita duka biyun tare. Na faɗi wannan ne don a sani, ba don kowace uwa ta hana kanta barci ba, mafi yawan yaran ba su da ko ɗaya daga ciki.

Akwai abin da ba a faɗa a gaban likita amma a baranda muke ji. Hajiya za ta ja ni gefe ta ce, "Ƴar nan, yarinya ce ba ta yi aure ba, in miji ya ga tabo a mararta me zai ce?" Ana tsoron a ɗauka tabon cire ciki ne ko na haihuwa. Aikin ƙaba ta fatar mara ake yinsa a gefe, ba a bi ta gaba, ba ruwansa da budurci ko kaɗan, tabon yarinya ƙarama ma yakan ɓace cikin naɗin fata in ta girma. Ita budurwar kuma kunya ce take sa ta ɓoye shekara guda ko uwarta ba ta sani ba, don wurin ba na nunawa ba ne. Dubawar ba ta wuce ta tsaya a sa hannu a wurin a ce ta yi tari ba, tana da damar cewa a kira mata nas mace ta tsaya, ko ta nemi likita mace in akwai. Matar da ta kai 18 kuma ita take da haƙƙin sa hannu a takardar aikinta. Shawara da maigida abu ne mai kyau, amma in hanji ya shaƙe shi kuma yana kan hanyar Legas waya ba ta shiga, ba a jira.

Bayan aiki yawanci a ranar ko washegari ake sallama, bakwaini ne ake riƙewa a kwana ana lura da numfashinsu. Tafiya a tsakar gida tun ranar farko tana da kyau, sallah a zaune in ruku'u na ja, daka da ɗaukar jarkar ruwa da wankin tsugunno a ɗan ɗaga musu ƙafa gwargwadon yadda likita ya ce, a kuma kiyayi taurin bayan gida. Abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne wajen 10 zuwa 12 cikin 100 na manyan da aka yi wa aikin suna samun ciwo ko dindiris a wurin da yake wuce wata 3, saboda ƙananan jijiyoyin ji da suke ratsa matsematsi, kuma mata da masu ƙarancin shekaru sun fi samu. Yawancinsa mai sauƙi ne, amma in ya dame ki ki koma, kada ki bari a ce miki sanyi ne a ɗora ki a kan maganin sanyi shekara da shekaru.

Raga ba ta hana ɗaukar ciki, ba ta hana haihuwa da kanki, a bangon mara take ba a mahaifa ba. Waccan jijiyar da ta taso daga mahaifa ma likitoci suna ƙoƙarin barinta, in ta kama an yanke mahaifa tana da sauran abin da ya riƙe ta. Sai dai in an taɓa bututu ko an gyara shi a aikin, da zarar kin ga ɓatan wata ki je a yi sikanin da wuri a tabbatar cikin a mahaifa ya zauna, don bututun da ya taɓa rauni ya fi saurin riƙe ciki a hanya. Kafin a bar asibiti a nemi a rubuta a takarda wane gefe aka yi, me aka tarar a cikin jakar, an cire wani abu ko an mayar, an sa raga ko ba a sa ba, in an aika nama gwaji a koma a karɓi sakamakon. Jaririyar da aka yi wa aiki yau ba za ta tuna komai ba, nan da shekara 20 in ta je awo aka tambaye ta wannan tabon fa, uwa ma ta manta dama ne ko hagu, kati kuma ya daɗe da ɓata. A ɗauki hoton takardar a waya, ita kuma a adana ta tare da takardar haihuwa.